Ranar da Na Ce Ban San Rakiya Ba

Ranar Talata ce, mako biyu bayan Babbar Sallah, a shekarar da na shiga aji shida. Alhazai sun fara watsewa, lungunan Balad, tsohuwar unguwar Jidda, sun ɗan sarara, iskar teku ta shigo da danshin nan nata mai manna wa mutum riga a baya. An idar da sallar la'asar, ina zaune a ƙasa a ɗakinmu da faranti a cinya ina tsince shinkafa, ido ɗaya a farantin, ɗaya a talabijin. Wani fim ɗin Koriya ne aka fara nunawa a makon, kullum bayan la'asar. Suna magana da yarensu, fassarar Larabci tana wucewa a ƙasan allo. Wata budurwa ce tsaye a bakin teku, ruwan sama na dukanta, tana yi wa wani dogon saurayi faɗa. Ƙofarmu a buɗe take domin na'urar sanyaya ɗakinmu ta lalace. Can sai na ga hasken ƙofar ya ragu. Na waiwaya, na ga wata yarinya sa'ata, siririya, da jarkar ruwa a ka, ruwan na ɗiga mata a kafaɗa ba ta ma sani ba.

"Me ta ce masa?" in ji ta, ba sallama ba gaisuwa.

Na daɗe ina laluben kalmomi. A Jidda aka haife ni, Hausa ina jin ta sarai, amma in zan yi ta sai harshena ya yi nauyi. Daga ƙarshe na ce, "Ta ce masa, yani, ba shi da zuciya."

Ta ƙura wa saurayin ido, sannan ta kwashe da dariya har ruwa ya fantsamo ƙasa. "Wannan dogon? Ai zuciya ce ta yi masa yawa. Tausayi ne ba shi da shi." Ta sauke jarkar a bakin ƙofa, ta zauna kusa da ni, ta jawo farantin gabanta ta ci gaba da tsintar kamar aikinta ne tun asali. Sunanta Rakiya.

Gidan da muke haya tsohon gini ne na dutsen teku, hawa uku, da tagogin katako masu zane waɗanda rabinsu sun ruɓe. Masu shi sun daɗe da komawa sababbin unguwanni, suka bar shi ga irinmu. Kowane ɗaki iyali guda. Hajiya Kaltuma, wata 'yar Chadi, tana ƙasa da 'ya'yanta, mu muna hawa na biyu, sai wani ɗan ɗaki a saman rufi kusa da tankin ruwa, wanda a da tantabaru ake ajiyewa a ciki. Nan Rakiya da mahaifiyarta, Inna Ladi, suka tare a makon. Mutanen Damagaram ne. Mahaifin Rakiya ya rasu tana ƙarama, Inna Ladi ta sayar da awakinta ta taho umara da ita, suka yi ɗawafi suka ƙi komawa. Ba su da takarda ko ɗaya. Mu kuwa muna da iƙama, takardar izinin zama, domin Babana direba ne a gidan kafilinsa, Balaraben da ya tsaya masa, a unguwar Abhur. Can yake kwana, sai ranar Alhamis ya zo gida da ƙamshin turaren motar mutane a jikinsa. Ummata takan ce, "A garin nan takarda ce mutum," ni kuma ban san nauyin maganar ba sai da na san Rakiya. Takardar nan ce ta sa kullum da safe nake zura doguwar rigar makaranta in rataya jaka, ita kuwa ta ɗauki tire ta bi Inna Ladi bakin kasuwa, su shimfiɗa buhu su jera soyayyiyar gyaɗa da aya da kuka da daddawa, ido a titi, ko motar jawazat, masu kamen marasa takarda, za ta ɓullo.

Daga azahar kuwa yinin namu ne. Ruwa a gidan ba ya hawa sama, don haka sai mu yi ta jigilar jarka daga famfon ƙasa, ita a ka, ni a hannu ina tsayawa a kowace kwana ina haki, tana yi mini dariya tana ce mini 'yar Larabawa. A saman rufi Inna Ladi ke suyar gyaɗa cikin yashi a wani faffaɗan kasko. Mu ne masu murzawa, mu feƙe ɓawon a iska, mu ƙulla a ƙananan leda har yatsunmu su yi ja. Maguna na kewaya mu, shanyar gidan duka na kaɗawa a kanmu, daga nesa muna hango ƙarafan ɗaukar kaya na tashar jiragen ruwa tsaye kamar raƙuman dawa. In aiki ya ƙare mu zana 'yar gala-gala da gawayi a kan siminti, ko mu yi carafke da ƙwallayen dabino, wasan da ban taɓa cin ta ba ko sau ɗaya. Ranar Juma'a da safe a aike mu sayen wake da burodin tanderu, mu gutsuri gefensa mai zafi a hanya, mu dawo muna rantsuwa haka mai gashin ya ba mu. Amma duk abin da muke yi, da an yi kiran la'asar sai hannuwanmu su ƙara sauri. Mu yi salla a gaggauce, mu gangara ɗakinmu, mu zauna a gaban talabijin gwiwa na gugar gwiwa.

Ba mu iya faɗin sunayen mutanen fim ɗin ba, sai muka raɗa musu namu. Budurwar ita ce 'Yar Masunci, don ubanta kamun kifi yake yi a wani ƙauye na bakin teku, ta baro shi ta zo birni koyon ɗinki. Saurayin shi ne Dogo, ɗan mai shagon ɗinkin, mai girman kai, wanda ko gaisuwar ma'aikatan ubansa ba ya amsawa. Sai ƙawarta ta ƙuruciya, 'Yar Gata, wadda ta riga ta zuwa birni ta waye. Ita ta nema mata aiki, ta raba bargo da ita a daren sanyi, amma da ta ga idon Dogo ya fara karkata wajen ƙawarta sai zuciyarta ta ɓaci, ta shiga yi mata zagon ƙasa. Aikinmu a rabe yake. Ni nake karanta rubutun in mayar da shi Hausa da sauri kafin ya wuce, ita kuma ta gyara mini Hausar, ta kuma karanta fuskokin. A gaban talabijin ɗin nan na koyi bambancin kunya da jin nauyi, da bambancin haushi da takaici, na san kewa daban bege daban. Rakiya ba ta jin ko kalma ɗaya ta yarensu, amma ta fi ni gane fim ɗin nesa ba kusa ba. Tun kafin a yi magana sai ta ce, "Dubi hannunta, ƙarya za ta yi," kuma haka ɗin ne.

Soyayyar cikin fim ɗin a hankali take tafiya kamar dahuwar ganda. An yi makonni Dogo bai faɗi abin da ke ransa ba. Sai dai ka ga ya ajiye mata fitila a kan kekenta na ɗinki ya wuce, ko ya tsaya a ƙetaren titi har ta hau mota. Ranar da ya riƙe hannunta muka rufe fuska da mayafi muna leƙe ta ƙasa, Umma ta ɗaga murya daga wajen girki, "Ku kashe wannan abin, marasa kunya!" amma ita ma tana tsaye a ƙofa da ludayi a hannu har aka tashi. Abin da ya fi burge Rakiya shi ne yadda Dogo ke sauyawa a gabanmu. Mutumin da ba ya kallon kowa ya fara gaishe da tsohon da ke share shago, ya zauna a ƙasa ya ci abinci da ma'aikata, ya je ƙauye ya taya uban yarinyar jan koma har tafin hannunsa ya fashe. Ni kuwa 'Yar Gata na tsana, in ta fito har tsaki nake yi. Rakiya ce ke kare ta. "Ba muguwa ba ce, tsoro ne ke cin ta," in ji ta. "Tana tsoron a gane ita ma 'yar ƙauye ce." A fim ɗin duk wanda ya yi kuskure ana ba shi lokaci. Ya yi kuka, ya yi nadama, ya je ya tarar da wanda ya ɓata wa yana nan inda ya bar shi. Na sha kallon haka har na ɗauka ita ma rayuwa haka take.

Wata rana Rakiya ta ce in koya mata karanta rubutun da kanta. Ta ɗan yi makarantar allo a Damagaram, ta san baƙaƙe, amma na talabijin ba su da wasali kuma ba sa jiran kowa. Na riƙa sato guntun alli daga aji, muna rubutu a jikin tankin ruwa. Ba ta yi nisa ba, aiki ya yi mata yawa, amma ta kai inda take cafke gajerun kalmomi in sun wuce: na'am, la, shukran, da kuma asfa, wato yi haƙuri a bakin mace, kalmar da matan fim ɗin ba sa gajiya da faɗa suna sunkuyar da kai. Duk lokacin da ta kama ɗaya sai ta daki cinyata ta faɗe ta da ƙarfi, fuskarta ta washe kamar an yi mata kyautar sabon zane.

Fim ɗin ya wuce rabi sai kafilin Baba ya mayar da shi aikin kai yaransa makaranta, ya ba mu ɗaki biyu a wani benensa da ke unguwar Safa. Umma ta yi sujadar godiya. Za mu samu ruwa a famfo, Baba zai riƙa kwana a gida. Ranar tashi Rakiya ce ta taya ni sauko da talabijin, ni ina gaba ita tana baya, ta naɗe wayarsa a wuyan hannunta don kada ta ja ƙasa. Ta ce za ta riƙa kallo a ɗakin Hajiya Kaltuma, sai dai can ba mai fassara mata. Na ce, "Wallahi duk Alhamis zan zo in ba ki labarin mako gaba ɗaya." Ta ce, "To, kada ki rage komai fa."

Sabuwar makarantar ta sha bamban da ta Balad. Can kusan duk mu ɗaya ne, 'ya'yan baƙi. A nan kuwa mota ke kawo 'yan mata, jakunkunansu sababbi, kuma a makon farko na ji sun kira matar da ke share harabar takruniyya, sunan da ake kiran mutanenmu da shi in ana son a ƙasƙanta su. Suka yi dariya, ni ma na yi. Da suka tambaye ni asalina na ce kakannina mutanen Madina ne tun fil azal. A gida na roƙi Umma kada ta yi mini Hausa a ƙofar makaranta. Ta daɗe tana dubana. Fim ɗin ne ya buɗe mini ƙofa, domin ashe ajin duka shi suke kallo. A lokacin hutun tara sai su kewaye ni, ina faɗa musu abin da zai faru gobe, ina cewa su dubi hannun wance, su dubi idon wane. Duk basirar Rakiya ce nake juyawa Larabci ina sayar da ita a matsayin tawa. Da haka na samu shiga wajen Rim, wadda kowa ke son zama kusa da ita.

Alhamis uku na farko na cika alkawari. Ina bin Baba in zai je Balad sayayya, in hau rufi, in zauna in ba Rakiya labari tana ƙulla gyaɗa, tana tsayar da ni tana cewa, "A'a, ba haka fuskarsa ta nuna ba." A zuwa na uku ne na fara jin warin daddawa a jikin kayanta, warin da na yi watanni ina zaune a cikinsa ban taɓa ji ba. Na ɗan matsa gefe. Alhamis ta huɗu na ce ina da aikin makaranta. Ta biyar ban ma nemi dalili ba. A tsakanin nan ne ma'aikatan hukumar gari suka kwashe wa Inna Ladi kayan sana'arta, ta koma aikin wanke-wanke da goge-goge a gidajen mutane, Rakiya na bin ta. Ban sani ba, don ban je ba.

Ranar da za a nuna kashi na ƙarshe Laraba ce. Rim ta gayyaci mu huɗu gidansu. Falon ya yi sanyi har tsikar jikina na tashi, kafet mai laushi, talabijin ya kusa cika bango. Mun tuɓe abaya mun baje, kiɗan farko ya fara, sai aka turo ƙofa da tire na lemo da kek. Ban ɗaga kai ba sai da na ji muryar.

"Suwaiba! Ke ce? Ashe nan kusa kuke! Yau za a ƙare ko? Tun safe nake ce wa Inna..."

Rakiya ce, da wata tsohuwar riga da ta yi mata yawa, hannayenta sun yi fari-fari saboda sabulu. Murna ta cika mata fuska har tiren na rawa. Rim ta dube ta, ta dube ni, ta ce da Larabci, "Kin san ta? Kina jin yarensu?"

 Idanunsu duka a kaina. Ban yi dogon tunani ba, kuma wannan ne ya fi ci mini rai har yau, yadda maganar ta fito da sauƙi. Na ce da Larabcin nan nawa mai santsi, "Ban san ta ba. Ƙila ta ɗauka wata ce."

Rakiya ba ta iya karanta Larabci sosai ba, amma ta yi shekaru a bakin kasuwa, tana jin sa. Ban ga fushi a fuskarta ba. Murnar ce kawai ta janye a hankali. Ta durƙusa ta ajiye tiren, ta zuba wa kowa lemo, ta miƙo mini nawa da hannu biyu yadda ta miƙa wa sauran. Sannan ta koma bakin ƙofa ta tsaya, a bayana, inda take iya hango allon. Aka ci gaba da fim. 'Yar Gata ta hau mota ta tafi ƙauyen bakin teku, ta sauka da takalminta a hannu, ta tarar da ƙawarta, wadda ta riga ta komo gida, tana shanya komar kamun kifi. Ta zube a kan yashi tana kuka, ta yi magana, rubutu ya fito a ƙasa, gajeriyar kalmar nan da muka sha rubutawa a jikin tanki. Na ji an ja numfashi a bayana. Na san ta karanta. Na ƙura wa allon ido ba na ganin komai, lemon na ɗumi a hannuna. Da na juya, da na ce mata ko da kalma ɗaya da Hausa, na san da ta karɓa. Ban juya ba. Can mahaifiyar Rim ta ƙwala kira daga ciki, "Ke yarinya, yalla, maza!" Na ji takunta ta tafi. Saura kusan rabin kashin na ƙarshe, ba ta ga ƙarshensa ba. Da za mu fita na bi ta gaban madafa, na hango bayan Inna Ladi a wajen wanke-wanke tana 'yar waƙarta ƙasa-ƙasa. Na ja mayafi na rufe fuska na wuce.

A gida na kasa cin abinci. Na ce a raina gobe Alhamis, zan bi Baba, in hau rufi in durƙusa mata. Har na tsara abin da zan faɗa, da Hausa mai kyau, irin wadda ba za ta gyara ba. Da gari ya waye kunya ta danne ni, na ce bari ta ɗan huce tukuna. Mako na gaba jarrabawa ta zo. Na gaba da shi Baba ya kai kafilinsa Ɗa'ifa. Ban damu sosai ba, don a zuciyata Rakiya tana nan a saman rufi, tana ƙulla leda, tana jirana komai daɗewa. Sai a Alhamis ta huɗu na je. Na tsaya na saya mata alewar riɗi da take so. Hajiya Kaltuma ce ta tare ni a ƙasan matakala, tana shara.

"Suwaiba, sai yau? Ai an kwashe su ranar Asabar. A tashar mota, suna hanyar aiki, ita da uwar. Shi ke nan, yanzu ko suna wajen tsarewa ko an riga an sa su a jirgi." Ta jingina tsintsiyar a bango. "Baiwar Allah Ladi, kullum sai ta ambace ki. Ta ce karatu ne ya riƙe ki, Allah ya ba ki sa'a."

A nan na gane Rakiya ba ta faɗa wa mahaifiyarta ba. Ta riƙe abin ita kaɗai, ta ci gaba da wanke kofunan gidan su Rim, har ranar da aka kama su. Na hau saman rufi. Ƙofar ɗan ɗakin a buɗe, tabarma a naɗe, kaskon suya da yashinsa a ciki, takalman wankanta a jere a bakin ƙofa. Na zauna a ƙasa na yi kuka har Baba ya hau da kansa ya sauko da ni. Ya ɗauka kukan rabuwa ne kawai, ya yi ta ba ni haƙuri yana cewa haka zaman ƙasar mutane yake. Ban gaya masa ba. Ban gaya wa Umma ba har ta rasu.

Shekara goma sha biyar ke nan. Yanzu ina aiki a wajen karɓar marasa lafiya a wani ƙaramin asibiti, kuma in an kawo Bahaushen da ba ya jin Larabci ni ake kira in yi tafinta. Kowa na yabon Hausata, suna tambayar a wane gari na tashi. Duk wanda ya ce mini daga Damagaram yake sai na tambaye shi Inna Ladi mai gyaɗa. Bara wata 'yar kasuwa ta ce ta san ta, ta rasu da jimawa, amma 'yarta na aure a wani ƙauye, ta kuma samo mini lambar mijin. Na yi kwana biyu ina duban lambar kafin na kira, ranar Juma'a da hantsi. Mijin ya amsa, ya miƙa mata. Ina jin kukan akuya da hayaniyar yara.

"Rakiya? Suwaiba ce, ta Jidda."

Ta ce, "Hajiya, ina kwananku? Ya iyali? Ya ƙasa mai tsarki?"

"Rakiya, ni ce fa. Suwaiba, ta hawa na biyu. Ki daina ce mini Hajiya."

"Na gane ku, Hajiya."

Na faɗi duk abin da na tsara tun ina 'yar shekara goma sha biyu. Ta saurare ni har na gama, ba ta katse ni ba, ba ta gyara mini ko kalma ɗaya ba. Ta ce, "Ba komai, Hajiya. Ƙuruciya ce. Allah ya yafe mana baki ɗaya." Muryarta ba ɗaci ba zaƙi, irin wadda ake amsa wa baƙon da ya taka ka a cikin mota. Sai na tambaye ta ko ta taɓa ganin ƙarshen fim ɗin nan. Ta ce, "Mu nan ba wuta, Hajiya. Ku yi haƙuri, zan kai wa masu aiki abinci gona. A gaida mutanen gida." Na sake kira sau biyu bayan nan. Gaisuwar ɗaya ce, ladabin ɗaya ne. Na gane kirana wani aiki ne nake ƙara mata a kan na yini, sai na daina.

Balad yanzu an gyara ta. An yi wa tagogin katako fenti, an kafa fitilu, baƙi daga ƙasashe na yawo suna ɗaukar hoto, ana sayar da gahawa a inda mata ke shimfiɗa buhun gyaɗa. Gidanmu an kewaye shi da ƙarafa ana aikinsa, ba a barin kowa ya shiga, kuma ban san inda aka watsa mutanen da ke cikinsa ba. Finafinan Koriya sun cika kowace waya. Abokan aikina kowacce na kallon nata a lokacin hutu, da abin ji a kunne, ita kaɗai, ba mai tambayar wata, ba mai jiran la'asar. Suna ba ni sunayen sababbi, suna cewa wannan zai sa ni kuka. Nakan yi murmushi in ce ba ni da lokaci. A da muna da ɗaki ɗaya mai zafi da ƙaramin talabijin da rabin fahimta kowacce, muka haɗa ya ishe mu. Yanzu ina da harshe biyu cikakku, da takarda, da ɗaki mai sanyi, kuma in na tashi aiki shiru nake tararwa. Yafiyar na same ta. Ƙawar ce ban sake samu ba.